Magana a kan Share Kwamfuta, da Hakkin da Sharewa Ba Ta Ɗaukewa

Ya mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambayar hanya, ina roƙonka ka ba ni aron kunnenka kaɗan. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, na ga kuma ya fi kyau in ɗora ta a gabanka tare da labarin da ya haife ta, ko da shi ke labarin ba na yabo ba ne a gare ni. Tambayar ke nan: idan cuta ta shiga kwamfutar mutum, ya kai ta aka share ta sarai, ta komo kamar sabuwa, shi ke nan ya fita? Ko kuwa da sauran bashi a wuyansa?

Ina zaune a Kakau, cikin ƙasar Chikun, kudu da kogin Kaduna, a bakin hanyar da ta bi ta Gonin Gora ta nufi Abuja. Ina da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, wadda na saya domin aikina na koyarwa. Amma ka san halin zaman unguwa, abin da mutum ɗaya ya mallaka ya kan zama na jama'a. Wannan ya zo a buga masa takardar neman aiki, wancan ya kawo aikinsa na makaranta a gyara masa, matan zumunta kuma suka ce in riƙa rubuta musu lissafin adashinsu. Ban ƙi kowa ba, gama ina jin daɗin a ce Malam mutum ne mai taimako. Cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa, gwauruwa, wadda dukanmu mu ke kira Mama. Ran nan ɗanta ya zo da wayar marigayi ubansa, ya ce za su sayar da ita saboda kuɗin makaranta, ya roƙe ni in juye abin da ke ciki in ajiye musu. Hotuna ne wajen 60, da wata 'yar murya ta marigayin, wadda aka ɗauka yana yi wa jikokinsa wasa. Na juye, na ce masa, "Je ka gaya wa Mama kada ta damu, kaya suna wurina." Aka sayar da waya.

Ana nan, wata rana na tafi cikin gari da filash ɗina, wato ɗan abin ajiyan nan mai kamar ɗan yatsa, domin a buga mini takardu a wani shago. Da na komo na soka shi a kwamfutata, bayan kwana biyu sai na ga jakunkunan ajiya, waɗanda a ke kira folda, sun sake kama, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Kwamfuta ta yi nauyi, tana huci kamar jakin da aka yi wa lodi. Na sani sarai da abin da ya faru, gama na sha jin labarin bairas. Duk da haka na yi mako biyu ban daina karɓar aikin mutane ba, mutum 6 suka soka filash ɗinsu a wurina cikin kwanakin nan, ban ce wa ko ɗaya uffan ba.

Sa'ad da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na kai ta wurin wani saurayi mai gyara. Ya duba, ya ce, "Malam, wannan sai fomatin. Akwai abin da za a kwashe tukuna? In kun ba ni zuwa jibi, sai in bi a hankali in ga abin da za a samu, amma da ɗan ƙarin kuɗi." Ni kuwa na riga na kwashe takardun kaina. Na taɓa buɗe jakar Mama sau ɗaya, na ga kamar ba kome a ciki, ban ƙara dubawa ba. Lahadi tana matsowa, aljihu kuma ba nauyi. Na ce masa, "Nawa na kwashe, sauran cuta ta cinye. Share duka." Kafin la'asar ya miƙo mini kwamfuta tana gudu kamar barewa, na koma gida raina fari.

Sai bayan mako biyu wani yaro mai ilimin abin ya gaya mini maganar da ta hana ni barci. Ya ce irin wannan cuta mai kibiya galibi ba ta cin kaya, ɓoye su ta kan yi, ta kafa alamar ƙarya a gurbinsu domin mutum ya taɓa ta ƙara yaɗuwa; wanda ya san hanya ya kan fito da su cikin ɗan lokaci. Ashe hotunan marigayi da muryarsa suna nan lafiya har sa'ar da na ce a share. Cuta ɓoye su ta yi, mai hallaka su ni ne.

To, ya ɗan'uwana, a nan zuciya ta kan tashi ta yi wa mutum lauya, kuma lauyan nan ya iya bakinsa. Ta ce mini, ai ba kai ka ƙirƙiri cutar ba. Gaskiya ne. Ta ce, ba da gangan ka ɗauko ta ba. Wannan ma gaskiya ne. Har dokar ƙasarmu ta laifofin intanet, wadda aka kafa a 2015, mai yaɗa cuta da gangan ta ke hukuntawa. Babu ɗan sandan da zai zo ƙofata saboda abin da na yi. Amma sai ka lura, tsakanin wanda ya aikata da gangan da wanda bai sani ba ko kaɗan akwai fili mai faɗi, a cikin filin nan kuwa yawancinmu mu ke zaune. Akwai wanda ya sani ya yi shiru, kamar yadda na yi wa mutum 6. Akwai kuma wanda ya fi shi wayo, shi ne wanda ya hangi sani yana zuwa ya kau da kai, domin ya iya cewa daga baya bai sani ba. Mai gyara ya ce in ba shi zuwa jibi ya duba. Me ya hana ni? Na ji tsoro ya duba ya samu, ya zama tilas in biya, in kuma jira. Na fi son kayan su zama ɓatattu, gama ɓataccen abu ba shi da wahala. Rashin sani irin wannan mutum ne ya kan saya da kuɗinsa, saboda haka ba ya zama masa hujja.

Manoma sun san wannan shari'a tun kafin a yi kwamfuta. In rani ya yi, mutum ya sa wuta a gonarsa domin ya ƙone kara da ƙwari, hakkinsa ne, gonarsa ce. Amma in maƙwabcinsa ya jingine dammunan dawarsa a gefen gonar da izninsa, ya kuwa kunna wuta bai leƙa ba, bai yi kira ba, wane dattijo ne a Kakau zai ce ba shi da laifi domin ƙwari ya ke nufi, ba dawa ba? Littafin Fitowa, sura 22, ya yi maganar waɗannan abu biyu kusa da juna, wutar da ta ƙetare ta ci hatsin wani, da ajiyar da aka ba mutum ta salwanta. Ya ɗora biya a kan wanda ya kunna wutar, ya kuma raba tsakanin hasarar da ta fi ƙarfin mai ajiya da wadda ya sa hannu a ciki. Da ɓarawo ne ya fasa ɗakina ya ɗauke kwamfutar, da ni da Mama sai mu yi kuka tare. Amma ba ɓarawo ba ne, bakina ne ya ce a share.

Watakila za ka ce, ai kyauta Malam ya yi, ba a biya shi ladan ajiya ba, ƙaƙa za a kama mai alheri da laifi? Na daɗe ina jingina da wannan magana, gama tana da daɗin jingina. Amma ka duba abin da kalmata ta aikata. Da ban ce kaya suna wurina ba, da yaron ya nemi wani wuri, ko ya tura wa 'yan'uwansa, ko ya dakata da sayar da wayar. Saboda maganata suka saki abin da ke hannunsu. Alkawari haka ya ke, ya kan sa wani ya ajiye sandarsa ya dogara da kai. In ka janye, faɗuwarsa ta fi ta wanda bai taɓa dogara ba. Rashin lada ba ya rage nauyin wannan ko da ƙwayar gero. Wanda ba zai iya riƙon amana ba, alherin da ya fi shi ne ya ce tun da fari, ba zan iya ba, ku nemi wuri na biyu. Har ma wanda zai iya, ya kamata ya faɗi haka, gama masu ilimin abin sun yarda cewa abin da ke wuri ɗaya kaɗai ba ajiyayye ba ne tukuna.

Yanzu ga wuri mai wuya, inda ban ga hanya da sauri ba. Mama ba ta tambaya ba. Ba ta iya kwamfuta ba, tana zaune da kwanciyar rai cewa muryar mijinta tana ɗakin Malam. In na yi shiru, mai yiwuwa ta shekara ba ta nema ba, mai yiwuwa har ta koma ga Ubangiji da wannan kwanciyar rai. In na faɗa, na sa ta yi makoki na biyu, ba kuwa zan iya mayar mata da abin ba, ko na sayar da rigata. To, ina amfanin gaskiyar da ba ta gyara kome, sai ƙuna? Kada ka raina wannan tambaya, gama mutanen kirki sun yi tuntuɓe a kanta, akwai kuma lokacin da shiru jinƙai ne, kamar a gaban majinyacin da ba shi da ƙarfin ɗaukar labari a ranar.

Abin da ya warware mini shi ne na tambayi kaina, wa shirun nan ya ke tsarewa? Na ga in na sa shi a ma'auni, kashi ɗaya na Mama ne, kashi tara nawa ne: sunana, da girman da a ke ba ni, da gaisuwar da a ke yi mini a hanya. Jinƙan da ribarsa duka ta ke komowa aljihun mai yinsa, ya kamata a tuhume shi. Bayan wannan kuma na gane shiruna yana ci mata wata hasara a kowace rana. Wanda ya sayi wayar, watakila a same shi in an nema da wuri. 'Yan'uwan marigayi, watakila waɗansu hotuna suna cikin wayoyinsu, in an tambaya kafin su ma su sake waya. Har faifan nawa ma haka ya ke, kamar yadda zan bayyana maka. Gaskiya irin wannan tana da kwanaki, kamar ɗanyen nama. Wanda ya ajiye ta har sai ya ga dama, ya kan kawo ta ba ta da sauran amfani, sa'an nan ya ce ai ga shi, dama ba ta gyara kome.

Bari in faɗa maka yadda sharewa ta ke, gama mutum ba ya yin hukunci daidai a kan abin da bai san aikinsa ba. Faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had dis, kamar babban sito ne mai ɗakuna dubbai, da littafi a bakin ƙofa inda aka rubuta abin da ke kowane ɗaki. Fomatin iri biyu ne. Na gaggawa, wanda yawancin masu gyara su kan yi, littafin nan kaɗai ya ke yagewa ya ajiye sabo fari. Kayan suna nan a ɗakunansu, sai dai an ce wa kwamfuta ɗakunan wofi ne, ta zuba sabon kaya a kai duk sa'ad da ta so. Na biyu shi ne cikakke, wanda tun daga Windows Vista, da ta fito a 2007, ya kan bi faifan ya rubuta sifiri a kowane gurbi. Wannan ya kan ɗauki sa'o'i, bayansa kuwa babu sauran nema. Saboda haka wanda aka yi wa na gaggawa, in ya tuna da wani abu, sai ya kashe kwamfutar nan take ya kai ta wurin mai nema, gama kowane aiki da ya yi da ita yana binne tsohon kaya. Sababbin faifai marasa juyawa, waɗanda a ke kira SSD, su ba su da wannan haƙuri, su kan goge abin da aka saki da wuri. Nawa tsohon yayi ne, na gaggawa kuma aka yi mini. Amma an ɗora sabuwar Windows a kai, na kuma yi mako biyu ina aiki. Da na koma wurin saurayin da kunyata, ya kwana yana nema, ya fito da hoto 11. Muryar ba ta fito ba.

Sauran mutum 6 fa? A nan ba ni ne na fara zuwa wurinsu ba, cutar ce ta komo ta tuna mini. Ɗaya daga cikinsu ya zo da filash ɗinsa a gyara masa takarda, na kusa sokawa, sai hannuna ya tsaya: ashe abin da na biya kuɗi aka kora yana tsaye a ƙofata cikin aljihun maƙwabcina, ni ne kuwa na ba shi. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutum ba shi da ikon tsabtace ɗakinsa shi kaɗai in ƙofarsa a buɗe ta ke ga unguwa. Ko domin kansa ma, tilas ya kula da na maƙwabta. Amma ba na so ka tsaya a kan wannan dalili, gama dalili ne na mai son kai. Ko da ba za su ƙara zuwa wurina ba har abada, hakkinsu ne su sani, tun da shi ke a ɗakina suka ɗauka, a lokacin da na sani su ba su sani ba.

Ka lura da wani abu game da wannan irin cuta: ba ta fasa ƙofa, ta hannun amini ta ke shiga. Tun farkonta haka ta ke. A 1986 waɗansu 'yan'uwa biyu a Lahore ta ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Alvi, suka rubuta wadda a ke kira Brain, ta bi faifan tafi-da-gidanka na zamanin daga hannu zuwa hannu har ta kai Amurka. Abin mamaki, sun rubuta sunansu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu a cikinta. A watan Mayu na 2000 kuma wani ɗalibi a Manila ta ƙasar Filifin ya saki wata a cikin wasiƙar intanet mai kamar wasiƙar ƙauna. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika da kanta ga dukan waɗanda sunansu ke cikin littafin adireshinsa, ta kuma lalata hotunan da ta tarar. Cikin 'yan kwanaki ta game duniya. Mutane sun buɗe ta domin sunan wanda suka sani suka gani a kai. Ba a hukunta ɗalibin ba, gama ƙasarsu ba ta da dokar da ta kama laifin a lokacin, sai bayan abin ya faru aka kafa. To, in yarda ce hanyar cutar, wanda aka fi yarda da shi a unguwa shi ne ya fi kowa haɗari, shi ne kuma ya fi kowa nauyin yin magana. Mutanen nan ba su yi shakkar kwamfutata ba domin ta Malam ce.

Na bi su ɗaya ɗaya. Wani ya yi dariya ya ce ba kome. Wata ta ce dama ta ga abin, ta zaci laifin ɗanta ne, har ta yi masa faɗa. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, gama yaro ya sha faɗa a kan shiruna. Wani saurayi mai aikin makaranta ya ɓata rai, ya ce, "Haba Malam, kun sani kuka bar ni na soka?" Ban sami abin da zan ce masa ba sai i, na sani, na biya aka fito masa da aikinsa, amma har yau gaisuwarsa gajeriya ce, ban kuwa ga laifinsa ba. Ɗaya ya riga ya kai nasa wani ofis, na roƙe shi ya koma ya faɗa musu, ko ya koma ko bai koma ba, shi ya sani. Na shida baƙo ne mai wucewa, ban ƙara ganinsa ba.

In wannan masifa ta same ka, ga yadda na ga ya kamata mutum ya bi. Ran da ka ga alama, ran nan za ka rufe ƙofa: kada filash ɗin kowa ya shiga, ka kuma raba kwamfutar da intanet. Ka zauna da takarda ka rubuta sunan duk wanda ke da ajiya a wurinka, da duk wanda ya soka abinsa tun ran da ka ke zato, ka aika musu kafin ka je wurin mai gyara, domin mai kaya shi ke da ikon cewa a jira ko a share, ba mai ajiya ba. Ka ba mai gyara kwanakin da ya roƙa. A kwashe takardu da hotuna da muryoyi, a bar manhajoji, gama a jikinsu cuta ta fi maƙalewa. Abin da aka kwashe kuma a bincike shi da manhajar riga-kafi kafin a mayar. Kalmomin sirrinka, na banki da na wasiƙa, ka sake su daga wata na'ura mai lafiya, tun da shi ke waɗansu cututtukan aikinsu ke nan, su kwashi abin da ka ke bugawa su aika. Filash ɗin gidan duka a wanke su rana ɗaya da kwamfutar, in ba haka ba an yi wanka an koma cikin taɓo.

Ƙofar da cutar ta bi kuma sai a toshe ta, ba zan daɗe a kan wannan ba. Manhajar sata da a ke ɗorawa a kan 'yan kuɗi kaɗan sau da yawa da cutarta ta ke zuwa, ban da cewa kayan wani ne. Tsohuwar Windows ma ƙofa ce: kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyara a Janairu 2020. Ran 12 ga Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman fansa, har asibitocin Ingila suka mayar da marasa lafiya gida. Alhali maganin ramin da ta bi ya fito tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba. Sakacin ma'aikaci ɗaya a ofis, wani majinyaci ne ya biya shi.

Da sauran fuska ɗaya ta maganar, wadda ta juya ta baya. Na ce maka sharewar gaggawa ba ta hallaka kaya nan da nan. Wannan jinƙai ne ga mai nema, amma tarko ne ga mai sayarwa. A 2003 waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka ba da labarin tsofaffin faifai 158 da suka saya a kasuwa. Guda 129 suna aiki, 12 kaɗai aka share yadda ya kamata. A cikin sauran suka tarar da lambobin katin banki dubbai, da takardun asibiti, da wasiƙun mutane. To, kai da ke riƙe da lissafin adashin mata, da takardun neman aikin samari masu ɗauke da ranar haihuwarsu da lambobinsu, in ka tashi sayar da kwamfutarka ko ba da ita, cikakkiyar sharewa ita ce hakkinsu a kanka. Amana takan bukaci a adana, takan kuma bukaci a hallaka, kowanne a lokacinsa. Ni na yi na biyu a lokacin na fari. Kai kuma mai gyara, in kana cikin masu karanta wannan, ka san ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mutane su kan kawo maka cikinsu a buɗe domin ba su da yadda za su yi. Saurayin da ya yi mini aiki, sa'ad da hotunan suka fara fitowa, ya juya mini fuskar kwamfutar ya ce, "Malam, ku duba da kanku, ni ban san masu su ba." Ban tambaye shi addininsa ba, amma a ranar shi ne malamina.

Na sa aka wanke hotunan nan 11 a takarda, na sa su cikin ambulan, na tafi gidan Mama da yamma, bayan ta komo daga gona. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Malam, lafiya da yamman nan?" Na ce, "Mama, laifi na kawo muku." Na faɗa mata duka, har da maganar jibin da mai gyara ya roƙa na hana, gama na ga in na bar wannan a baya, na ɗora wa cuta abin da ni na yi. Ta karɓi ambulan, ta fito da hotunan ɗaya ɗaya, ta daɗe a kan wani inda marigayin ke tsaye a bakin rumbunsa. Sa'an nan ta ce, "Muryar fa?" Na ce babu. Ta yi shiru har na ji kukan kaji suna shiga akurki. Can ta ce, "Ɗana, da ka faɗa tun da wuri, ai wanda ya sayi wayar a Sabon Tasha ya ke, makon jiya ya tashi." Ta kira jikarta ta kawo mini ruwa, na sha. Da na tashi tafiya ta ce in zo ran Asabar in rubuta mata wasiƙa zuwa ga ƙanen marigayi da ke Kafanchan, ko Allah ya sa yana da wani abu a wayarsa. Na je na rubuta, muna jiran amsa.